Famfon Mai da Kaya a Baya: Yadda Tudu Ya Daɗe Yana Tona Asirin Motocin Amurka

A shekarun 1910, wanda ya tsaya a gindin wani dogon tudu a ƙauyukan Amurka yana iya ganin abin da zai sa ya riƙe baki. Mota ce za ta taho a guje, ta kama hawa, ta kai rabi, sai inji ya fara tari, ya shaƙe, ya mutu. Direba ba zai buɗe bonet ba, balle ya nemi bakanike. Zai bar ta ta gangaro a hankali, ya juya ta, ya tayar, ya sa ribas, ya haye tudun da baya yana waiwaye. Kuma ta haye lafiya lau.

Motar Ford ce ƙirar Model T, wadda ta fito a 1908 aka yi ta ƙera ta har 1927, sama da guda miliyan 15. Ba ta da famfon mai ko na magani. Tankinta mai cin lita 38 yana ƙarƙashin kujerar gaba, ya ɗan ɗara kafireto tsayi, fetur yana gangarowa da kansa ta bututu kamar ruwan tankin da aka ɗora a saman gida. A shimfiɗaɗɗiyar hanya babu abin da ke damunta. Amma da zarar hancinta ya ɗaga sama, man kuma ya yi ƙasa, sai kafireto ya koma bisa tanki, fetur kuwa ba ya hawan tudu don ganin damarsa. Da an juya ta, tanki ya koma sama, inji ya koma ƙasa, shi ke nan.

Da abin ya tsaya nan da labarin raha ne kawai na mutanen da. Sai dai Ba'amurke ba ya iya ganin mota ya ƙyale ta ta tafi ita kaɗai. Tun da wuri ya fara ƙulla mata kaya a baya. A nan sai an ɗan gyara kalma, domin mai karatu in ya ji "tirela" hankalinsa kan gingimarin da ke dakon siminti ko shanu zuwa Legas zai tafi. A can kalmar ta fi haka faɗi. Duk abin da ke da taya, ba shi da inji, aka maƙala shi a bayan mota, tirela ne: na dawaki, na kwale-kwale, na harawar shanu, da kuma ɗaki sukutum mai gado da murhu da tagogi wanda iyali ke ja su tafi hutu. A 1919 masu yawon kwana a hanya da mota suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a garin Tampa na jihar Filorida. A 1936 wani mai suna Wally Byam ya fito da Airstream Clipper, ɗaki mai taya da aka yi wa jiki da alminiyam mai ƙyalli kamar jirgin sama. Shi ne mutumin da daga baya, a 1959, ya ja ayarin irin waɗannan ɗakuna 41 daga Cape Town, suka keta Habasha da Sudan, suka isa Alƙahira a 1960. A 1945 kuma kamfanin U-Haul ya fara ba da hayar tirela, har ya zama ko wanda ba shi da ita yana iya ɗaura ɗaya ya kwashe kayan gidansa zuwa wata jiha.

Duk wannan nauyi a wuyan inji yake sauka, inji kuma mai yake nema. Motar da ke jan babbar tirela takan sha kusan ninki biyu na abin da take sha ita kaɗai, kuma ba a minti ɗaya ko biyu ba, awa da awanni ƙafar direba na kan totur. Duk wani ɗan rauni da ke ɓoye a hanyar mai, wanda ba zai taɓa nuna kansa ba a zirga-zirgar cikin gari, a nan yake fitowa fili.

Dabarar farko da ta karɓu sosai wajen kai wa inji mai ita ce wani ɗan gwangwani da kamfanin Stewart-Warner na Shikago ya baza a kasuwa a tsakiyar shekarun 1910. Ana kafa shi a cikin bonet, sama da kafireto. Inji in yana aiki zuƙar iska yake yi, sai aka ɗebi wannan zuƙa ta wani siririn bututu aka kai gwangwanin, ita kuma ta janyo fetur daga babban tankin da ke bayan mota. In gwangwanin ya cika, wani abu mai yawo a kan man ya rufe bawul, man ya zuba ɗakin ƙasa, daga nan ya gangara kafireto. Babu waya, babu batir, kuma ya ba masu ƙira damar mayar da tanki can baya nesa da fasinja. Inda gizo ke saƙa shi ne, zuƙar nan ta fi ƙarfi lokacin da ƙafa ba ta kan totur, tana kuma kusan ɓacewa in an take shi har ƙasa. Wato a doguwar hawa da kaya a baya, daidai lokacin da inji ke kukan ƙishirwa, a lokacin ne gwangwanin ke daina cika. Direban da ya san kan abin yakan ɗaga ƙafa na ɗan lokaci a tsakiyar hawa don ya bar shi ya sha. Wanda bai sani ba kuwa, sai ya tsinci kansa yana neman dutsen da zai tare taya.

A ƙarshen shekarun 1920 aka samu famfo na ainihi, daga kamfanin AC da ke garin Flint a jihar Mishigan. Haruffan biyu na sunan wanda ya kafa kamfanin ne, Albert Champion, Bafaranshe ɗan tseren keke da ya koma sana'ar fulogi. Wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane aikin famfon nan take, domin zugazugi ne. Akwai faifan roba mai laushi da aka ɗaure kamar fatar ganga, akwai hannun ƙarfe da ke jingine da wani ƙusumbi a jikin kamshaf. Duk zagaye ɗaya ƙusumbin ya tura hannun, robar ta ja baya ta zuƙo mai ta bawul ɗaya, sifirin ya mayar da ita ta tura man ta ɗaya bawul ɗin. Inji na ƙara gudu, famfo na ƙara bugu. Wannan ƙira ta riƙe motocin duniya fiye da shekara hamsin, kuma ta cancanci hakan: arha gare ta, kusoshi biyu ke riƙe da ita, mutum na iya canza ta a gefen titi da sifana ɗaya.

Abokin gabarta zafi ne. Fetur haɗin sinadarai ne iri-iri, wasunsu suna fara tafasa tun kafin zafi ya kai digiri 40. Famfon yana manne da jikin inji mai zafi, kuma zuƙo man yake yi daga nesa ta dogon bututu da ke bi kusa da salansa. Ruwa in ana zuƙarsa ya fi saurin tafasa, haka ma in an hau wuri mai tsayi inda iska ba ta da nauyi. To a haɗa duka: watan Yuli, rana ta take tsaka, mota na jan ɗaki mai nauyin tan biyu, tana rarrafe a giya ta biyu a tsaunukan Kolorado, babu iskar kirki da ke ratsa lagireto. Man da ke cikin bututu sai ya koma tururi. Famfo yana ta bugu amma iska yake dakawa. Inji ya yi shiru, uban gida ya fito yana share gumi, uwar gida da yara suna cikin mota suna kallonsa, motoci sun yi layi a baya suna ta ham. Babu abin da ya lalace. In an jira rabin awa komai ya huce, mota ta tashi kamar ba ita ba.

Injin Ford V8 da ya fito a 1932 ya yi ƙaurin suna a wannan cuta, don an ɗora masa famfon a can saman inji ta baya, inda duk zafi ke taruwa. Magungunan gargajiya suka yi yawa. Wasu su naɗa wa famfon jiƙaƙƙen tsumma, wasu su raba babban lemo biyu su kifa masa rabi kamar hula. Wanda ya fi shahara shi ne jera 'yan maƙalan shanya na katako a kan bututun mai, kuma har yau masu tsofaffin motoci ba su gama gardama a kan ko suna wani amfani ba. Jiƙaƙƙen tsumma dai ba camfi ba ne, ruwan da ke bushewa yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Wanda ya san zamanin a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 a hanyoyin Arewa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya ga tsumman, ya kuma ga abin da ake yi in famfon ya ce ga garinku nan: a ɗaure galan a saman mota, a saƙalo tiyo zuwa kafireto, a lallaɓa har gareji. Dabarar Model T ce ta dawo.

Masu jan tirela a Amurka sun gano mafita tun kafin kamfanoni su mayar da ita doka. Sukan sayi ƙaramin famfon lantarki su ɗaura shi a baya kusa da tanki, don a riƙa turo man maimakon zuƙo shi, mai kuwa in yana cikin matsi ba ya saurin tafasa. A shekarun 1980, da injekta ta kori kafireto, sai turin ya zama tilas, domin ita matsi take so mai ƙarfi, ninkin-ba-ninkin na wanda zugazugin roba ke iya bayarwa. Famfo ya tashi daga jikin inji ya koma cikin tanki tsundum. Mutum zai ce hauka ne a nutsar da abu mai lantarki a cikin fetur, amma babu isasshiyar iskar da wuta za ta kama a ciki, kuma man da ke ratsa cikinsa shi ke sanyaya shi yana yi masa maiƙo. Tsayuwar dole a tsakiyar hawa saboda tururi ta zama tarihi.

An gudu dai ba a tsira ba. Tsohon famfo yakan yi gargaɗi, ya fara zubar da mai ko ya rage ƙarfi. Sabon kuwa sau da yawa ɗan kuka kawai yake yi daga ƙarƙashin mota, wanda ƙarar hanya ke danne shi, rana ɗaya a tsaya shan mai a gidan mai, a murza makulli, shiru. Gawayin da ke cikinsa ya cinye. Tsofaffin direbobi sun san a sa wani ya murza makulli, wani kuma ya shiga ƙarƙashi ya bubbuga gindin tanki da guduma ta roba, wani sa'in ya farfaɗo ya kai su gari na gaba. Canza shi kuma aiki ne ja: ko dai a sauke tanki, wanda ga al'ada a cike yake maƙil a ranar da abin zai faru, ko a kwance bodin a-kori-kurar gaba ɗaya a ɗaga shi sama. Daga nan ne aka samo nasihar nan ta makanikai cewa kada mai jan kaya ya bar tanki ya gaza kwata. Akwai ƙarin gishiri a cikinta, tun da famfon zamani a cikin ɗan bokitinsa yake zaune wanda ba ya rabo da mai. Amma tana da tushe. Famfon da ke zuƙar iska a kwana ko a hawa, ko wanda ke fama da toshasshiyar filta, ba ya daɗewa.

Ko a wannan zamani ƙaramin kuskure na iya game duniya. A Janairun 2020 Toyota ta yi wa motoci kusan 700,000 kiranye a Amurka, kafin shekara ta ƙare adadin ya haura miliyan 3, har da manyan masu jan kaya irin su Tundra da Sequoia. Laifin na wata 'yar farfelar roba ne a cikin famfon kamfanin Denso, wadda ba ta kai tafin hannun jariri ba. Tana tsotsar mai ta kumbura, ta fara gugar bangon gidanta, ta cije.

Sai dai babban wasan a fagen dizal aka yi shi, domin duk mai jan kaya na gaske can ya koma. A 1989 Dodge ta ɗauko injin Cummins mai lita 5.9, wanda asalinsa na taraktoci da manyan motoci ne, ta dasa shi a a-kori-kurarta Ram. Makiyaya da 'yan kwangila suka yi rububinsa. Injin dizal famfo biyu gare shi: ƙarami mai ɗauko mai daga tanki, da babba mai matsa shi da ƙarfin tsiya ya feso shi cikin silinda. Ƙera babban famfon sana'ar kamfanin Bosch na Jamus ce tun 1927. Wanda aka sa wa Ram daga 1994 zuwa 1998, mai lamba P7100, ƙarfe ne zalla babu kwamfuta, kuma baƙin man inji ne ke yi masa maiƙo, don haka bai cika damuwa da halin dizal ɗin da aka zuba ba. Har gobe ana neman motocin waɗannan shekaru ido rufe, ana biyan kuɗin da ya fi ƙarfin shekarunsu.

A tsakiyar 1998 dokokin rage hayaƙi suka sa aka koma wani famfon Bosch mai kwamfuta a ka, VP44. Shi ba ruwansa da baƙin mai, dizal ne abincinsa, shi ne maiƙonsa, shi ne kuma ruwan sanyinsa, har mafi yawan man da ake kai masa komawa tanki yake yi bayan ya kwashe zafi. Rayuwarsa kenan tana hannun ƙaramin famfon. Shi kuwa ƙaramin na lantarki ne, aka ɗaure shi a jikin inji mai girgiza da zafi, aka bar shi yana zuƙo mai daga nesa, wato kuskuren da aka riga aka sha wuyarsa shekaru hamsin baya. In ya raunana mota ba ta tsayawa, kuma nan ne mugun abin yake. Babban zai ci gaba da janyo ɗan abin da ya samu, yana aiki da ƙishirwa, direba bai san komai ba, har ranar da zai taka totur a hawa ya ji fayau kamar ya taka iska. Ƙaramin abu mai arha ya kashe babba da kuɗinsa ya haura dala dubu. Masu waɗannan motoci suka koyi kafa agogon matsin mai a gaban sitiyari, suna satar kallonsa fiye da yadda suke kallon na gudu. Kamfanoni irin su FASS da AirDog suka yi arziki da sayar da famfon da ake ɗaurawa kusa da tanki. Daga baya ita ma Dodge ta mayar da nata cikin tanki.

A 2003 aka kawo wa Ram sabon famfo mai lamba CP3, aka samu sa'ida. A 2006 kuma gwamnatin Amurka ta rage sinadarin salfa a dizal ɗin motoci daga kashi 500 cikin miliyan zuwa 15. Huhun jama'a ya amfana ƙwarai. Amma wankin da ake yi wa man a matata don cire salfa yana tafiya da wani ɓangare na santsinsa. Ana auna santsin dizal ne ta hanyar goga ƙwallon ƙarfe a cikinsa a duba faɗin tabon da ya fito. Turai ba ta yarda tabon ya wuce maikiron 460 ba, Amurka kuwa ta yarda har 520. Tazarar ba ta kai kaurin gashi ɗaya ba, amma lauyoyi sun ci abinci a kanta shekara da shekaru.

Dalili kuwa shi ne CP4, famfon da Ford da General Motors suka sa wa manyan a-kori-kurarsu daga ƙirar 2011. Ya fi na da sauƙin nauyi, yana kuma matsa mai har wajen ninki dubu biyu na nauyin iskar da muke shaƙa. A cikinsa akwai ɗan gangaren ƙarfe da ke birgima a kan ƙusumbi, babu abin da ya raba su sai siririn shafin dizal. In santsi ya gaza, ko ruwa ya shiga man, ko iska ta ratsa, sai birgima ta koma guga, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Kuma man da ya wanke wannan wuri shi ne ke wucewa zuwa nozul. Bakanike in ya kwance bawul ɗin da ke saman famfon ya haska tocila, ya ga wani gari mai ƙyalƙyali kamar an barbaɗa kwalli, ya san magana ta ƙare. Garin ya riga ya bi ko'ina. Sai an canza famfo da nozul takwas da bututai, a sauke tanki a wanke, kuɗin kuma yakan kai dala 10,000. Duk wanda a nan gida ya taɓa shan man gas da aka sirka da kananzir a sabuwar mota ya san ɗanɗanon irin wannan lissafi, don kananzir ma santsin yake kashewa.

Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru ne kamfanonin suka amince da gwajin jan kaya mafi tsanani da aka taɓa yi, mai lamba J2807. Ana ɗaura wa mota cikakken nauyin da aka ce za ta iya ja, a sa ta hawan Davis Dam a jihar Arizona, kilomita 18 na tudu, zafin gari bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyi a ƙure. Toyota ta fara bin sa a 2011, sauran suka biyo da ƙirar 2015. Gwaji ne na ƙwarai, sai dai sabuwar mota ake kaiwa da tsabtataccen mai. Ba ya faɗin abin da zai faru bayan shekara biyar, ranar da aka sha mai a wani gidan man ƙauye da ruwan sama ya shiga rijiyarsa.

Masu motoci suka garzaya kotu suna cewa famfon CP4 bai dace da man Amurka ba, kamfanoni suka ce gurɓataccen mai ne ke jawo ɓarnar. A kasuwa kuwa aka fara sayar da wasu bututai da filta da ake ƙara wa motocin Ford don tare garin ƙarfe kafin ya kai nozul, masu sayarwa suka raɗa musu sunan da ke nufin riga-kafin bala'i. General Motors ta rabu da CP4 a ƙirar 2017, ta koma famfon Denso, ta kuma ƙara ƙaramin famfo a tanki wanda a da babu shi, sannan a 2024 ta yarda ta biya dala miliyan 50 a yi sulhu ba tare da ta amsa laifi ba. A ƙarshen wannan shekarar Ford ta yi wa motoci kusan 295,000 kiranye, ta ce dattin da man dizal mai haɗin man tsirrai ke bari ne ke cin famfon.

Ram ce ta shiga a makare ta kuma fita da wuri. Ta ɗauki CP4 a manyan a-kori-kurarta ƙirar 2019, ta ajiye shi bayan shekara biyu kacal. A Nuwamban 2021 ta kira motoci sama da 222,000 su dawo wurin dillalai a cire musu shi kyauta. Wanda aka ɗaura musu a madadinsa CP3 ne, ɗan gidan famfon da kamfanin ya fara sa wa motocinsa tun 2003.